Mamacin da Ke Gyara Umarni

A kamfanin inshorar nan, in ka ce Baban Inji ba wanda zai ce maka wane. Gajeren dattijo ne mai yawo da rigar sanyi ko da rana na narka kwalta, don ɗakinsa na ƙarƙashin bene, inda babbar kwamfutar kamfanin ke gurnani cikin sanyi kamar firij. Da baƙin gashi ya shiga ɗakin nan. A ciki ya yi furfura, a ciki ya samo ciwon gwiwa, har matarsa ta gaji da tambayar yaushe zai dawo gida.

Aikinsa tsaron ma'ajiyar umarni, wato inda aka jera wa injin matakan kowane aiki: buɗe wannan fayil, tura wancan, buga takardun masu inshora. Duk wanda ya samu izinin taɓa layi ɗaya a ciki, injin zai bi shi ido rufe, ko da cewa ya yi a goge komai. To wuri irin wannan sai aka damƙa wa mutumin da bai taɓa iya cewa a'a ba. Madalla da masu wannan basira!

Izini kuwa Baba ya raba shi kamar gaisuwa. Sakatariya ta ce tana son leƙawa, ya ba ta. Manaja, wanda da yatsa ɗaya yake buga rubutu, ya ce ai girmansa ya kai, ya ba shi. Masu barin aiki ma bai cire ko ɗaya ba, wai rashin kunya ne.

Sai Dogo. Shi ya koya wa Baba aikin, suka shekara da shekaru kujera na gogar kujera, har ciwo ya ɗauke shi. Sunansa na shiga injin yana nan daram, kuma da shi Baba ke shiga kullum da safe. In an tambaye shi sai ya ce na Dogo ya fi buɗe ƙofofi. Gaskiyar ita ce kewa ke damunsa, kuma yana jin daɗi in allon ya yi wa Dogo barka da zuwa.

Ana haka aka turo mai binciken tsaro, wata mata mai tabarau wadda ba ta ɓata murmushi a banza. Ta zauna gaban allo, ta sa injin ya nuna mata masu izinin canza umarni. Sunaye suka yi ta gangarowa har ta jingina da kujera.

"Baba, mai gadi ne kawai ban gani ba. Ko ya yi maka laifi ne?"

"Bai tambaya ba, 'yata."

Ta nuna wani suna. "Wannan fa? Ina son ganinsa."

Baba ya sunkuyar da kai. "Ai ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Amma makon jiya ya gyara umarnin buga takardu. Ƙwazo har a kabari!"

Manaja ya sauko yana haki, yana mamakin yadda aka yi irin wannan sakaci, shi da sunansa ke na uku a kan allo. Ya yanke hukunci a tsaye: ko Baba ya share wurin nan tas kafin a tashi, ko a karɓe ɗakin a mai da shi sama ya ƙarasa shekarunsa yana buga hatimi. Banda ɗakin nan Baba bai san inda zai ajiye kansa a duniya ba.

Ya fara cirewa. Sakatariya ta tafi, 'yan fansho suka bi ta. Da ya zo kan Manaja har wani daɗi ya ji, Allah ya yafe masa. Dogo ya bari a ƙarshe. Ya goge tabarau, ya gyara kujerar da ba abin da ya same ta, ya sake goge tabarau. Mai binciken ta juya tana duba wayarta, ba ta ce masa ya yi sauri ba. Ya soke sunan, ya fita daga injin, idanunsa sun kaɗa jawur.

Washegari ya zo da sassafe, ya rubuta sunansa na kansa. Injin ya ƙi. Ya sake, ya sake ƙi. Mai binciken ta leƙo ta bayansa ta karanta abin da allon ya rubuta, wannan karon ba ta yi ba'a ba.

"Baba, yaushe rabonka da shiga da naka?"

"Tun ranar jana'iza."

"To injin ya daɗe da rufe shi. Duk sunan da aka daina amfani da shi, ɗauka yake mai shi ya tafi."

Baba ya zura wa allon ido, hannuwansa a kan gwiwa.

"Ashe ni ya binne," ya ce.