Motar da Ba a Hawa

Yayana, wanda muke sarin jakunkuna tare a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya ji an daina ƙera wata 'yar mota mai gudun tsiya, mai kujera biyu kacal. Wani mai shago ya hure masa kunne, wai nan gaba masu tara tsofaffin motoci za su yi rububinta. Kafin in ankara ya saya.

Na ce, "Haba Yaya! A Kano, motar da aka daina ƙerawa ko bakanike gudunta yake. Ina kayan gyara?"

Ya ce ba za ta lalace ba, tunda ba za a hau ta ba. Kowace fita rage mata daraja take. Ko ledar kujerun bai cire ba. Ya lulluɓe ta da tamfol a unguwar Sanyuanli.

Ran nan za mu garin Shiling sarin jakunkuna, muna bakin titi, ruwa na dukanmu, tasi ta ƙi samuwa. Ina jin ƙarar makullin motar a aljihunsa. Ya dube ni, har da murmushi, ya ce, "Ka gani? Da mun fito da ita, da yanzu ta jiƙe."