Bakin da Aka Rufe a Zugu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Yuni, 2006, Inna Tasalla ta Zugu ta rasu bayan jinyar wata biyu. Ni Rukayya, ɗaya daga cikin yaran da suka tashi a tsakar gidanta, a Gummi labarin ya same ni, kuma har yau baƙin ciki ya fi hawaye yawa a raina.

Inna, ke kika ciyar da mu dafaffen rogo da tatsuniya. Muna ɓarar gyaɗa kina jero mana mutanenki: marainiya mai haƙuri, tsohuwar bakin rafi mai gwada halin matafiya, auta da kowa ya raina, da babban wa mai cinye gadon ƙanne. Kikan ce sunaye kawai ke sauyawa, mutanen su ne dai tun zamanin kakanni. Yaron da ya yi rowa, sai ki tambaye shi wane ne shi a cikinsu, kunya ta sa ya miƙo abin hannunsa.

A daminar 1998 Shehu, ɗan wan mijinki, ya haɗe gonar marayun ƙaninsa da tasa. Manya suka yi gum. Yara kuwa da sun gan shi sai su ce ga babban wa nan. Ya tara dattawan gida ya ce habaici kike masa, ke kika shirya tatsuniyar don ki tozarta shi. Amsarki tana kunnena:

"Wanga mutum yana cikin tatsuniya tun kakata ba ta yi wayo ba. In Shehu ya duba ya ga fuskatai, ni mi na yi?"

Duk da haka ke aka ba rashin gaskiya. Aka ce a zauna lafiya, aka sa ki rantse ba za ki ƙara yi wa yaro tatsuniya ba. Ina tsaye a wurin, da takardar malanta a hannuna, ban ce uffan ba. Wannan shirun nawa ba zan yafe wa kaina shi ba.

Shekara takwas kika riƙe rantsuwar. Bara na zo da rikoda ina roƙonki ki yi min tatsuniyoyin in ɗauka, kika ce da Allah kika yi alkawari, ba da Shehu ba. Jikokinki ba su san ko ɗaya ba, ni ma gutsattsari na riƙe.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarki Hure, da jikokinki, da marayun nan da ba su da mai tsaya musu sai ke. An ce Shehu ne ya zauna a gaban tabarma yana karɓar gaisuwa. Ban je wurinsa ba. Gonar tana hannunsa, bana ma gero ya shuka.