Mai Keken da Ya Ba Teku Baya

Duk wanda ya taɓa hawa tudun Bayan Ɓauna a kan keke ya san rumfata, don ba mai isowa sama da sauran yawu a bakinsa. Ruwan rake nake matsewa a wurin tun gashina yana baƙi. Daga inda nake zama ana ganin titi ya naɗe duwatsu yana gangarawa, hagu daji, dama teku, can ƙasa kuma ƙauyenmu da kwale-kwalen kwando a kife bisa yashi. Na ga masu keke iri-iri, amma ban ga kamar Khiêm ba, kuma ba don ɗan wana ne nake faɗa ba.

Siriri ne, rana ta gama ƙona shi, ba ka ce zai iya ɗaga buhun shinkafa ba. Shi ke yi wa Turawa da 'yan birni jagora in sun zo yawon keke tsakanin Quy Nhơn da Tuy Hòa. Su a kan kekuna masu tarin giyar canza gudu, shi a kan wani tsohon baƙin ƙarfe da ya harhaɗa da hannunsa. Ba ya gudu. Yakan ce musu sannu ba ta hana zuwa, ya sunkuyar da kai, kuma daga gindin tudu har ƙarshensa ba za ka ga ya ɗaga daga sirdi ba. In wani ya sare a tsakiya sai ya koma, ya ɗora masa tafin hannu a baya, su hau tare. Na sha ganin ya turo ƙaton mutum har gaban rumfata, ya zaunar da shi a benci, ya sake gangarawa ɗauko wani, numfashinsa ko canzawa bai yi ba. Har yau in na ga haka sai tsigar jikina ta tashi.

Hanyoyin ma shi ya nemo abinsa. Shekaru ya yi yana kutsawa inda mota ba ta bi: ta gonakin gishiri, ta saman ramin jirgin ƙasa, ta tudun rogo, ta doguwar gadar katakon nan da ruwa ke cinyewa duk damina a sake kafawa. Sai dai a cikin hanyoyinsa babu ko ɗaya da ta taɓa yashi. Duk inda titi ya nufi bakin ruwa, Khiêm zai samo wata 'yar siririyar hanya ta sama. Baƙi suna ɗauka don su more kallo ne. Mu kam mun san ruwa ba ya tsami banza.

Ubansa, yayana Thới, masunci ne kamar ubanmu da kakanmu. Khiêm yana ƙarami guguwar ƙarshen shekara ta tafi da jirginsu, ba a tsinci ko takalmi ba. Aka yi masa kabarin iska yadda ake yi wa duk wanda teku ta riƙe: aka gina ɗan mutum da yumɓu, aka sa masa kaya, aka kwantar a akwati. Ranar binnewa aka miƙa wa Khiêm sandar gora ya bi bayan akwatin, tunda shi ne ɗan fari. Ya ƙi karɓa. Ya ce shi ba zai yi wa laka kuka ba, a jira ubansa ya dawo. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, uwarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe, yaron nan ya kafe. Ƙaninsa da ko tafiya bai gama iyawa ba, shi aka riƙa wa sandar. Daga ranar Khiêm bai ƙara sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Ya koma wurin wani kawunsa a bakin titi, ya koyi faci da gyaran kaca, ya girma a can.

Ƙauyen masunta ba ya manta irin wannan. Suka sa masa suna Kazar Tudu. In ya wuce ta sama da jerin baƙinsa, sai ka ji ana cewa wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a zo a ga ɗan Thới. Ni ma ban ƙyale shi ba, don bakina ba ya zama shiru. Na taɓa tambayarsa ko kifin da yake ci a bishiya yake nuna. Ya ce, "Goggo, ke ma raken da kike matsewa ba ke kika shuka ba." Muka yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba. Ina ƙaunar yaron nan, kuma na daɗe ina tsoron zai mutu bai yi sallama da ubansa ba.

Ko a rumfata baya yake ba teku. Ya zauna yana fuskantar daji, yana nuna wa baƙi tsibirai da babban yatsa ta saman kafaɗa, yana faɗin sunan kowanne, bai taɓa kuskure ba.

Ran nan bayan bikin sabuwar shekara ne, da hantsi, ana iska mai ƙarfi. Ya iso da baƙi, cikinsu har da wata tsohuwar Baturiya da ta cire hular kwano ta sa malafa. Iska ta fizge malafar. Khiêm ya zabura ya cafe ta a gefen gangare, sai ga shi tsaye fuska da fuska da teku. Na jira ya juyo, bai juyo ba. Na bi inda yake kallo, idona ya riga ya yi rauni, sai da na ƙanƙance shi tukuna. Can ƙasa, a lungun da ke bayan duwatsu inda 'yan ƙauye ba sa hangowa, wani abu dogo baƙi yana kwance a ruwa, igiyar ruwa tana ɗaga shi tana ajiyewa, tsuntsaye suna kewaya.

Kaka ne, ƙatuwar dabbar nan da ta fi komai girma a teku. Mu ba ma ce masa kifi, ko da yake a teku yake kwana yake tashi, yana fesa ruwa ta tsakar ka. Shi ke tallabo jirgi in guguwa ta kama shi, don haka in ya mutu ya zo gaɓarmu, binne shi muke yi kamar uba. Kuma wanda ya fara ganinsa, ko wane ne, shi ne ɗan farinsa. Shi zai ɗaura farin ƙyalle, shi zai fara sa masa igiya, shi zai yi takaba har a tono ƙasusuwan a kai su ɗakin Kaka.

Khiêm ya dawo ya miƙa wa matar malafarta, ya zauna, ya ce in ƙara masa kofi ɗaya. Baƙin suna ta ɗaukar juna hoto, ba wanda ya lura da abin da ke ƙasa.

A hankali ya ce, "Goggo, gungume ne ko?"

Na ce, "In ka ce gungume ne, gungume ne. Ni idona ba ya gani."

In ya hau kekensa ya wuce, kafin la'asar wani mai kwale-kwalen kwando zai zagayo ya gani, ya zama ɗan fari, magana ta ƙare. Ba zan tona shi ba. Amma na san Kaka ba ya zuwa wa mutum sau biyu.

Ya shanye ruwan raken har ƙasa. Ya tashi ya duba tayar gaba, ya matsa birki, ya sake matsawa. Sannan ya hau, kuma maimakon ya bi titi, sai ya karya kan keken zuwa 'yar hanyar da ke gangarawa ƙauye. Baƙin da suka saba duk inda ya sa taya su sa, suka bi shi a jere. Ni kuwa na bar rake da injin da komai, na tare wani mai babur.

Na same shi a ƙofar ɗakin Kaka, gaban tsoho Tòng mai kula da wurin, wanda ke zaune yana ɗinkin komar kamun kifi. Yara sun kewaye Turawa suna dariyar matsattsun wandunansu.

Tòng ya ɗago kai ya ce, "Kazar Tudu, yau ɓatan kai ka yi?"

"Baffa, Kaka ya sauka a bayan duwatsu."

Tsohon ya ajiye allurarsa. Ya dubi baƙin ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni, sannan ya tambayi wa ya fara gani.

Khiêm ya ce, "Ni ne."

Tòng ya miƙe. Ya shiga ya buga ganga, ya fito da farin ƙyalle ya ɗaura masa a ka da hannunsa.

Da muka zagaya duwatsun, sai kowa ya tsaya cik. Na taɓa ganin Kaka sau ɗaya ina yarinya, amma wannan ya ninka shi. Ya fi jirgin yayana tsawo, bayansa ya fi tsayin mutum, fatarsa baƙa mai sheƙi duk tabon tsofaffin raunuka, cikinsa fari da dogayen layuka kamar kunyoyin gona. Idonsa ɗaya yana sama da ruwa, a buɗe, ɗan ƙarami a wannan uban jiki. Matan da suka taho suna surutu suka yi tsit. Baƙin ma, ba wanda ya ce musu komai, suka cire huluna suka mai da wayoyi aljihu. Ba ka jin komai sai ruwa da ƙamshin turaren tsinke da wata ta kunna. Ni dai na zauna a kan dutse.

Kaka yana can inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji, kuma ba mai taɓa shi kafin ɗan fari. Aka miƙa wa Khiêm bakin igiya. Ya tsaya a inda yashi ke jiƙe, da takalman kekensa a ƙafa, ya daɗe. Wani masunci, cikin waɗanda suka fi yi masa ba'a, ya matso ya ce a hankali shi zai kai masa igiyar in ya so. Tòng ya girgiza kai.

Igiyar ruwa ta zo ta rufe masa idon sawu, bai ja da baya ba. Ta koma, ya bi ta. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya buge shi ya yi tangaɗi, ya gyara tsayuwa yadda yake yi a tsakiyar tudu, ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Da ya isa, bai ɗaura igiyar nan take ba. Ya ɗora tafin hannu a jikin Kaka, ya jingina goshinsa, kafaɗunsa suna rawa. Iska tana busowa ta wajenmu, shi ya sa muka ji abin da ya faɗa.

"Baba, ka daɗe."