Gwangwanin da Na Kai Alƙahira Na Dawo da Shi

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, ni da ƙanwata mai ciwon gwiwa, wadda ita ce dalilin tafiyar a takarda. Likita ya ce gara a yi mata aikin a Masar, aka duba dangi aka ce babu wanda ya fi ni dacewa da jinya, tunda tsohuwar nas ce ni mai ritaya. Na amsa da sauri har sai da ta kalle ni ta yi murmushi, don ta san ba gwiwarta ce ta sa nake ƙirga kwanaki ba. Ɗana na fari yana karatun addini a Alƙahira, shekara huɗu rabon da in sa shi a ido.

Ku yaran yanzu da kuke bibiyata a nan, sai na yi muku bayani kafin ku fahimce ni. A gidan da na tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar, haka na bi. Ranar da zai tafi Masar kowa ya raka shi tasha, ni ina kicin ina wanke tukunyar da ba ta da datti. Abin da kawai na iya yi shi ne na cusa masa gwangwanin garin cakulan na shayi a ƙasan jaka. Marigayi babansa ne ya saba masa da shi, duk ƙarshen wata sai ya shigo da ɗaya. Yaron kuwa ba ya jiran ruwan zafi, laɓewa yake da cokali yana afa garin a bushe, in na kama shi in buge hannun. Saboda haka wannan karon na sayi mafi girma a kasuwa, na naɗe shi da zane na sa a jakata. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, za ku ji dalili.

Hanyar Funtuwa kun san ta. Daga Tsafe motar ta yi tsit, kowa yana jan carbinsa, direba bai sake magana ba sai da muka wuce shingen jami'an tsaro na ƙarshe. A Malumfashi muka sayi ƙosai mai zafi, ƙanwata ta ce mu ci da kyau, wa ya san abin da Larabawa za su ba mu. A filin jirgin Kano aka auna kayanmu, daddawa da kuka da yaji da kilishi suka kusa ja mana tara. Ma'aikacin ya ɗaga gwangwanin ya ce, Hajiya, ai akwai irinsa a can. Na ce masa na sani.

Washegari da hantsi muka sauka Alƙahira. Na hango shi tun daga nesa, ya ƙara tsawo, ya tara gemu, ya rame kaɗan. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kau da kai na ce, an same ku lafiya? Ƙanwata kuwa ta riƙe masa kafaɗu tana juya shi tana cewa Abba, kai ne ka zama shehi haka? Ni ina gefe ina gyara mayafin da bai karkace ba. Wallahi na yi kishin hannayenta.

Ya kama mana ɗaki a Abbasiya, kusa da asibitin. A tasi na ji yana zuba Larabci da direba, yalla, tamam, khalas, har suna dariya tare, na ji kamar ɗan wata ne na zauna a bayansa. Tuƙin mutanen nan kuma sai addu'a. Layin da aka zana a titi ado ne kawai, kowa da hon yake magana, mota uku suna shiga inda biyu ma da kyar. Gine-gine duk launin ƙasa, shanya a kowace taga, masu sayar da gurasa suna ratsa motoci a kan keke da faranti a ka. Abincin safensu wake ne da aka dafa ya yi lugub, da wani ƙosai kore da suke kira ta'amiyya, mai arha ƙwarai ko da an juya kuɗin zuwa naira. Ƙanwata ta ɗanɗana ta ce ƙosai ne da bai je makaranta ba. Kwana biyu sai ga ta tana aike a ƙaro.

A rana ta uku ya ce in zo in ga inda yake zaune a Darrasa. Ƙanwata ba ta iya hawa bene, sai muka tafi mu biyu, gwangwanin yana cikin leda a hannuna. Unguwa ce tsohuwa, lunguna matsattsu, shagunan littattafai a jere har ƙamshin takarda yana tashi, ɗalibai daga ko'ina cikin duniya, can kuma ka ji Hausa ta faɗo daga wata taga kamar kana Sabon Gari. Na lura a shaguna mutane kan ɗaga kaya su juya bayansa su tambayi mai shago wata kalma kafin su saya. Ban tambayi ma'anarta ba, hankalina yana kan ledata.

Hawa na biyar suke, su huɗu, duk yaran Arewa. Suka gaishe ni da ladabi suka ba mu wuri. Ɗakin tsaf, littattafai har kan firji. Na ajiye ledar a kan tebur, kuma a nan na yi kuskurena. Maimakon in ce tun daga gida na ɗauko maka, kunya ta sa na ce, ga wannan, na gan shi ne a hanya.

Ya buɗe, ya duba, fuskarsa ta canja.

"Umma, ma'alish, ki yi haƙuri, wannan yana cikin muƙaɗa'a."

Kalmar da nake ji a shaguna ke nan. Ya nuna mini wata takarda manne a ƙofar firji, sunayen kamfanoni a jere. Ya ce ƙaurace wa kaya ne. Wasu saboda Falasɗinu, wasu kuma saboda an ce a Turai sun sa launukan bakan gizo a kayansu don nuna goyon baya ga masu auren jinsi. Mai gwangwanina yana cikin kashi na biyu, wani ɗalibi ya turo hoton kayansa masu launukan a zaurensu na waya.

"Mun yi alkawari mu huɗu, ba za mu saya ba, kuma ba zai shigo ɗakin nan ba. Tunda a hanya kika gan shi, sai ki mayar musu, za su karɓa."

Ya ɗaure bakin ledar ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi. Na ce, to. Ya haɗa mini shayi da wani garin na ƙasar, na sha ban ji ɗanɗanon komai ba. Hawa biyar na sauko da gwangwanin nan, kuma ya fi nauyi a saukowa.

Ina da baki, duk wanda ya yi aiki da ni a asibiti zai shaida. A motar komawa na shirya masa maganganu sun fi ashirin. Na so in ce wayar da aka turo hoton da ita, wa ya ƙera ta? Na so in ce babanka da ya yi shekara da shekaru yana sayen wannan, bai san addini ba ne? Ko ɗaya ban faɗa ba. Gaskiya kuma ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Mu muka tura shi ya koyi riƙe abin da ya yi imani da shi, ga shi ya riƙe. Abin da ya ci mini rai shi ne, hanya ɗaya tak nake da ita ta ce wa yaron nan ina kewarka, ita ce kuma aka rubuta a ƙofar firji. Da na shiga ɗaki ƙanwata ta ga ledar ta dawo, ta kalle ni.

Aka yi aikin gwiwa lafiya, alhamdu lillahi. Nas-nas ɗinsu akwai saurin hannu, sai dai surutu, kuma duk wadda ta ji ni ma nas ce sai ta kawo mini shayi baƙi ƙirin mai sukari kamar zuma. Kullum yaron yana zuwa bayan darasi, ya kawo koshari, wato shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya, ya zauna yana hira da Innarsa, wato ƙanwata. Ni nakan sami abin yi a bakin taga. Ta cikin gilashin nake kallonsa.

A sati na biyu na shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, taragon mata, zuwa Ma'adi, wajen wata da muka yi makarantar koyon jinya tare. Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta yana aiki a ofishin jakadancinmu. Ma'adi wata duniya ce, bishiyoyi, shiru, Turawa suna jan karnuka, farashin komai ya ninka. Ta yi mini tuwo da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Da na ba ta labari ta yi dariya ta ce, 'yar'uwa, kamfani ba shi da addini sai kasuwa. A Turai su sa launi don a saya, a nan su cire don a saya, 'yata da ke karatu a can ma ta daina sayen kayan wani kamfani saboda ya cire launin. Sai ta ƙara da cewa, mu dai a ɗakin jinya ba mu taɓa tambayar mara lafiya da wa yake kwana kafin mu sa masa ruwa ba. Haka ne kuwa. Na san abin da addinina ya ce, ban kuma taɓa ganin ya hana ni tausayin ɗan Adam ba. Amma ni ba wannan muhawarar ce ta kawo ni Masar ba, ɗana nake nema.

Daga baya na ji abin da ya faru a asibiti ranar da nake Ma'adi. Ƙanwata, da ƙafa a naɗe, ta zaunar da shi ta ce, "Abba, duk karatun nan naka ba ka iya karanta uwarka ba? A wace hanya ta gan shi? Tun daga Gusau ta goyo shi a zane. Wa kake zaton ya sa maka na farkon a jaka?" Ta ce ya daɗe kansa a sunkuye, shi duk shekarun nan yana zaton ita Innar tasa ce ta sa masa.

Ranar da za mu taso ya zo da sassafe, muna ɗaure kaya. Ya zauna a ƙasa kusa da jakata, ya yi ta murza yatsunsa, sannan ya ce, "Umma, ina gwangwanin nan?"

Na ce yana ciki, zan kai wa ƙannenka.

Ya zaro shi da kansa, ya warware zanen, ya tashi ya ɗauko cokali a kicin. Da gindin cokalin ya ɓalle murfin, yadda babansa yake yi. Na zaci ruwan zafi zai nema. Sai kawai ya cika cokali ya afa a bushe, garin ya manne a gemun shehi. Ya kai na biyu. Yana kai na uku, ban san lokacin da hannuna ya tashi na buge nasa ba, na ce, kai, za ka shaƙe!

Muka tsaya muna kallon juna. Rabon da hannuna ya taɓa nasa tun yana firamare. Shi ya fara dariya, idonsa cike da ruwa, ni kuma na juya ina neman abin da ban yar ba a cikin jaka. Ƙanwata daga kan gado ta ce, ku dai kun ji kunya, ku biyun.

Bai tafi da gwangwanin ba. Ya ce alkawarin da ya yi wa abokansa yana nan, ba zai shiga da shi ɗakinsu ba, ni ma ban so ya karya ba. Ya rufe shi da kyau ya mayar mini cikin zanen ya ce, ki ajiye mini. A filin jirgi ya tura keken Innarsa har inda aka tsayar da shi. Ya durƙusa, na ce Allah ya yi albarka, wannan karon ban kau da kai ba.

Mun iso Gusau lafiya, gwiwa tana warkewa, har ta fara takawa da sanda. Masu tambayata ko su ƙaurace wa kaza ko kada su ƙaurace, ku tambayi malamanku da zuciyarku, ni ban dawo da fatawa ba. Abin da na koyo ƙarami ne. Na yi shekara huɗu ina aiken gwangwani ya faɗi abin da bakina ya kamata ya faɗa, alhali gwangwani na kamfani ne, gobe yana iya shiga jerin wani. In kuna da wanda kuke kewa, ku gaya masa da bakinku.

Gwangwanin yana nan a saman kabad ɗin kicin, cokali uku babu. Ƙannensa sun san ba a taɓawa. Jiya na sauko da shi na sa tabarau na duba ranar lalacewarsa a gindi, na ga zai lalace da wata bakwai kafin yaron ya gama karatu ya dawo. Na goge masa ƙura na mayar da shi wurinsa.