Maki Arba'in da Ɗaya na Tsani

Duk wanda ya taɓa sayen labule a layin bayan kasuwa ya san Tsani. Ita ce doguwar tsohuwar nan da ke rataya labule ba ta taka kujera ba, ta kuma gaya maka ido da ido cewa launin da ka zaɓa bai dace da ɗakinka ba. Yaran yanzu sun ɗauka tsawo ne kaɗai abin da take da shi. Iyayensu sun fi su sani.

Tana budurwa a masaƙa take aiki, sashen ninke yadi. Wata rana manaja ya ga ta cilla ƙunshin yadi daga bakin ƙofa ya sauka daidai a saman tari, sai ya sa ta a ƙungiyar ƙwallon kwando ta ma'aikata ba tare da ya tambaye ta ba. Ko dokar wasan ba ta sani ba. Ranar farko ta rungume ƙwallon ta ruga da ita kamar wadda ta sato kaza. Kafin a ankara ta zama kyaftin. Kofi shida ta ɗauko wa masaƙa, an fasa mata hanci, yatsanta na tsakiya har yau a karkace yake. A wani wasan ƙarshe ta ci maki arba'in da ɗaya ita kaɗai, da takalmin aro na mai gadi, domin babu lambar ƙafarta a na mata. Tun daga ranar ba a sami macen da ta kamo ta a zauren wasan ba.

Masaƙa ta rufe, kofunan suka koma ma'ajiyar allura da maɓalli. Ta auri direban motar ƙungiyar, gajere mai surutu. Shi yakan ce ya aure ta ne don ya huta da hawa kujera in ƙwan lantarki ya mutu. Ita kuma ta ce shi kaɗai ne cikin masu zuwa zance bai gudu ba da ta miƙe tsaye. In aka tayar da zancen makin nan sai ta taɓe baki ta ce, "Abin banza, ya taɓa cika min tukunya?" Amma ka kuskura ka ce arba'in, sai ta ƙara maka ɗayan.

Wata safiya Direba ya shigo shago yana murmushin mugunta.

"Kyaftin, kin ji labarin 'yar mai gyaran rediyo? Siririyar nan da suke kira Sauro. Wasan da ya wuce talatin da takwas ta zuba."

"Ina ruwana."

"Ba ruwanki, shi ya sa kike ɗinka labulen mutane a juye."

Ranar wasan ƙarshe ta ce za ta je ne kawai ta ga ko an gyara rufin zauren. Aka ba ta kujerar gaba, Direba a gefenta da ƙunshin gyaɗa. Yarinyar ta iya, babu ƙarya. Tana sulalewa tsakanin ƙatti, kafin a juyo ƙwallo ta shige kwando. Tsani ta zauna fuska a ɗaure tana ƙirga makin a ranta, kowanne kamar ana zare mata haƙori.

Da Sauro ta kai arba'in, wasa ya kusa tashi, sai kocinta, mai horar da su, ya waigo ya dubi Tsani. Ɗan tsohuwar abokiyar wasan Tsani ne, a gabanta aka yaye shi. Ya ɗaga hannu ya fitar da yarinyar. Sai mutane suka gane, suka juyo suna tafa wa tsohuwa.

Gaskiya dai ta ji sanyi a ranta, na ɗan lokaci. Sai ta hango yarinyar a benci, kai a sunkuye, tana kwance igiyar takalmi. Ta dafa kan Direba ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara, ta nufi kocin.

"Kai ɗan nan, ciwo ta ji?"

"A'a, Inna."

"To gajiya ta yi?"

"Inna, kina zaune a nan fa. Ba zai yi kyau a gaban idonki ba. Girmanki na duba."

"Girmana? Ni da na ci nawa, babu wadda aka zaunar a benci don a faranta min, hancina ne shaida. Yau ka mayar da ni abar tausayi a gaban jama'a, kana ba ni sadaka. Da uwarka na nan da ta murɗe maka kunne. Mayar da ita." Ta juya ga yarinyar. "Ke kuma ɗaura takalmi, ba kallona aka kawo ki yi ba."

Sauro ta koma fili. Jifan farko ya bugi ƙarfe ya dawo, kuma Allah ya sani Tsani ba ta yi baƙin ciki ba. Na biyu ya kewaya bakin kwando kamar yana shawara, ya faɗa. Arba'in da biyu.

"Kyaftin, an sauke ki," in ji Direba.

"Rufe min baki ka tafa."

Da aka tashi yarinyar ta zo ta durƙusa a gabanta, gumi na ɗiga. "Kaka, ki yafe min."

"Me kika sata? Tashi, gwiwar nan ta wasa ce, kada ki ɓata ta a siminti. Kuma hannunki na hagu matacce ne, ki nema masa magani tun kafin a gane."

A hanyar gida, sun wuce gidan mai ke nan, sai Tsani ta ce, "A zamaninmu dai babu jifan da ake ba wa maki uku."

"Na san za a zo nan," in ji Direba. "Bari in sayi wata gyaɗar, hanyar da nisa."