Buhun da Bai Hau Jirgi Ba

Ranar wata Alhamis, kakar da nake aji huɗu, muna sussukar gero a ƙofar gidanmu a Wagini, sai ga Baba ya sauko daga a-kori-kura da buhun da kowa ya ɗauka ya isa Jidda tuntuni. Buhun ya yi sharkaf da maiƙo, ƙudaje na binsa.

Baba manomi ne, amma da yake ya taɓa cin rani a Kano, mutanen gari suka ɗauka ya san kan filin jirgi. Duk mai ɗa ko ƙani a Saudiyya ya kawo masa saƙo: kuka, daddawa, yaji, kilishi. Inna Laure, tsohuwar maƙwabciyarmu, ta kawo man shanu a gora, da hular da ta shafe damina tana ɗinka wa ɗanta. Ni kuwa sai kaina ya kumbura. Ko 'yar gala-gala muke yi a makaranta, sai na tsayar da wasa na tuna wa ƙawayena cewa kayan Babana jirgi za su hau.

A Kano wani mutum mai rataye da kati ya karɓi buhun, ya ce a dawo gobe. Gobe ta ƙi ƙarewa. Ba wanda ya gaya wa Baba cewa ba a ɗaukar mai a gora, ba kuma inda zai kai ƙara. Kafin a dawo masa da buhun, man ya narke a rana, ya bi komai.

Washegarin dawowarsa Baba ya ɗora buhun a kan jaki, ya ce in riƙe igiya, muka bi gida-gida muna mayar wa mutane kayansu. 'Yan ajinmu na biye da mu suna ihu, "Jirgi ya sauka!" Kunya ta hana ni ɗaga kai. Inna Laure ta jujjuya hular, ta ce, "Malam Sani, ba laifinka ba ne. Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri." Da zaginmu ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yau aika kaya ta jirgi ce sana'ata, kuma ina cikin waɗanda suka kafa ƙungiyarmu a Kano, don a bambanta ɗan sana'a da ɗan damfara, a koya wa mutane ɗaurin kaya, wanda aka cuta kuma ya san wurin kai kuka. Baba ya tsufa a Batsari, inda rashin tsaro ya mayar da mu. Maƙwabta kan kawo masa saƙo ya ajiye mini. Yakan ɓoye hannuwansa cikin riga ya ce, "Ku jira ta zo, ku ba ta da kanku."