Kanya a Kan Wayar Kuroiwa

Kuroiwa Shigeto ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a gaɓar tekun Niigata, ya yi tsufansa yana narka dalma. Duk gwangwanin ganyen shayi da ya ƙare a gidan sai ya fasa shi, ya cusa masa wayoyi, ya mai da shi rediyon aika saƙo. Ƙarfinsa bai kai na ƙwan tocila ba, kuma abin alfaharinsa ke nan. Ya ce mai ihu kowa ya ji shi, gwani shi ne wanda raɗarsa ta haye teku.

Can ƙetaren ruwa, a tsibirin Sado, akwai Utsumi, abokinsa tun makaranta. Ba sa kiran juna a tarho, sai dai su ƙwanƙwasa maɓalli, dogo da gajere, su zagi juna ta iska. To, ranar Lahadi za a kai Utsumi gidan kula da tsofaffi, inda ba a yarda a ɗaura wayar eriya ko a taga ba. Safiyar Asabar ce hirarsu ta ƙarshe.

Shigeto ya zauna, ya ƙwanƙwasa. Shiru, sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano. Ya buɗe gwangwanin, ya shinshina, babu ƙauri. Da ya leƙa baranda sai ya ga amfanin kaka ya sauka a kan wayar eriyarsa: kanya ce manya-manya, ferarru, jere a zare kamar ƙananan fitilu. Nauyinsu ya ja wayar har ta kwanta a kan indararon ƙarfe.

"Fumie! Wa ya yi mini shanya a kan eriya?"

Matarsa ta fito da wuƙa a hannu. "Baban yara, igiya ce na gani zaune ba aikin fari. Da sanyi wa ke cinye busasshiyar kanyar? Ni?"

"Utsumi yana jirana, mace!"

Ta ajiye wuƙar. "Yau ce? Ka faɗa mana tun farko, tsohon kurma. Riƙe tsanin."

Ita ta hau, tana miƙo masa zare bayan zare, ruwan kanya na ɗiga masa a sanƙo. Wayar ta miƙe, ta yi 'yar rawa a rana.

Ya koma ciki da gudu, ya ƙwanƙwasa da yatsu masu danƙo. Can ƙarƙashin shuuu ɗin wani siririn sauti ya taso, kamar kukan gyare a nesa.

"Me ya ce?" Fumie ta tambaya daga ƙofa.

Shigeto ya share ido yana dariya. "Wai na makara, kamar bas ɗina. Wai kuma ya riga ya auna tagar sabon ɗakin, waya siririya ba mai ganinta."